Sunan Baba a Ɗanyen Siminti

Mamata Afiniki ba ta iya zama ba. Ba wasa nake yi ba. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ta cinye tuwo a zaune ba. Ta kai loma ɗaya ta miƙe ta kori akuya, ta kai ta biyu ta leƙa tukunya, kafin ta dawo miya ta huce. A wani ƙauye kusa da Manchok aka haife ta, kuma ita ce babba a ɗakinsu, shi ya sa lokacin da sa'o'inta suke tafiya makarantar mishan ita tana gida da goyon ƙanne. Ta auri babanmu Yafet, ma'aikacin reluwe a Kafanchan. Ta dama kunu ta sayar a tasha, ta yi daddawa, ta noma citta da acca a gonar aro, ta tura mu makaranta dukanmu. Da Baba ya yi ritaya suka koma gida Manchok, muka ce to, yanzu kam za ta huta. Ina! Sai ta ƙara da kiwon alade.

Duk abin da ya shafi biro, Baba ne. Shi yake rubuta sunanta a asibiti, shi yake buɗe mata aya a coci, shi yake duba mata kwalin magani. Yakan tsokane ta ya ce, "Afiniki, ranar da kika zauna, ranar zan koya miki karatu." Ita kuma ta ce, "Idan na zauna wa zai ba aladunka abinci?" Su yi dariya, ta wuce da bokiti. Haka suka yi ta yi har ranar da Baba ya dawo daga gona ya ce ƙirjinsa, kafin a samo mashin ɗin kai shi asibiti ya rasu.

A wurinmu a bayan gida ake binne dattijo. Ana barin kabarin ƙasa ta zauna, sai shekara ta zagayo, lokacin Kirsimeti da 'yan birni suke dawowa, a kira magini ya shafe shi da siminti. Kafin simintin ya bushe sai a ɗauki tsinke a rubuta sunan mamacin a kai. Yawanci maginin ne yake rubutawa, ko babban ɗa.

Ba a daɗe da yin jana'iza ba na kai Mama asibiti a Kafanchan, don ta fara karo da ƙofa. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ma yana bin sa, maganin ɗigawa zai rage masa gudu ne kawai. Ni ina kuka a bakin asibiti, ita tana gyara ɗankwali tana neman mota. Sai da muka zauna a bas ta ce, "Miriyam, ni zan rubuta sunan babanku a siminti."

Na ce, "Haba Mama, da wane karatun?"

"Da wanda zan koya. Shi ya rubuta nawa tun ina amarya. Sau ɗaya ni ma in rubuta nashi, kafin ido ya rufe."

Allah ya sani raina ya ɓaci, don gani nake wahala kawai za ta ƙara wa idon. Amma wa ya isa ya tare Mama?

Cocinsu yana da ajin manya. Bayan matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, sun gama koyon waƙa, sai su koma ɗakin makarantar Lahadi su zauna a bencin yara, gwiwoyi har ƙirji. Mai koyarwa Baba Gilbert ne, tsohon hedimasta, mutumin kirki da zaman gida ya ishe shi. Ya yi tunani ya ce tunda matan nan coci ne rayuwarsu, bari ya koya musu da abin da suke ƙauna. Sai ya riƙa rubuta baitin waƙa ko aya a allo. Ya nuna kalmar farko da sanda ya faɗe ta, su kuma su kwashe sauran gaba ɗaya har ƙarshen layi, babu tuntuɓe. Kai, murna wurin Baba Gilbert ba a magana! Har sanarwa ya yi a sujadar Lahadi cewa bai taɓa samun aji mai kaifin kai irin wannan ba, aka tafa musu.

Ni ma na yarda. Ina Kafanchan a kan keken ɗinkina ina yi wa kowa alfahari cewa Mamata ta fara karatu da furfura.

Da damina ta yi nisa na je Manchok wata Asabar, na tarar da ita tana zagaya tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗauki bokiti ta ajiye. Ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba. Ta zaro gawayi daga murhu ta miƙo mini.

"Rubuta mini wani abu a bango. Wanda ba a rera shi a coci."

Na rubuta gishiri da manyan baƙaƙe. Ta matso da idon dama har hancinta ya kusa taɓa bango. Ta ja baya. Ta sake matsowa. Can ta jefar da tsintsiyar da ke hannunta.

"Kin gani ko? Ba karatu muke yi ba, waƙa muke yi! Tun kafin a haife ki na haddace waƙoƙin nan. Hedimasta yana faɗin kalmar farko, bakina yana tafiya da kansa. Dukanmu haka muke, kowace tana tsammani ita kaɗai ce, kunya ta hana ta magana."

Jikina ya yi sanyi. Watanni sun wuce a banza, ido kuma ba ya jira. Na ce bari in koya mata da kaina, muka gwada ranar, amma ni ba ni da haƙuri, ita ba ta da zama. Kafin la'asar mun yi faɗa har maƙwabciya ta leƙo.

Ranar aji ta gaba na rufe shago na bi ta, don na san halinta. Baba Gilbert ya gama rubuta baiti ke nan ya ɗaga sanda, sai Mama ta miƙe, ta je ta goge allon da bakin zaninta.

"Maman Leonard, lafiya?" in ji shi. Leonard yayana ne, babban ɗanta.

"Baba Hedimasta, ka yi haƙuri. Rubuta mana abin da babu a littafin waƙa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya juya ya rubuta cewa akuya ta ci rogo. Ya nuna da sanda. Shiru. Matan da muryarsu take cika coci, ranar ko tari babu. Wata ta fara gyara goyon jikanta, wata tana kallon rufi. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Malam, fara mana mana, mu kama." Ɗakin ya fashe da dariya. Baba Gilbert ya cire tabarau ya zauna a benci, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Laifina ne, ba naku ba. Mu koma farko."

Mama ta ce, "Ni ba ni da lokacin farko. Koya mini Yafet."

Daga ranar ya canza hanya. Kowace mace ta kawo sunan da take so, da shi za ta fara. Wata ta kawo na jikanta, wata nata na kanta. Alli a allo ya yi wa Mama ƙanƙanta, don haka ya sa aka zubo yashi a faranti, tana ja da yatsa tana sharewa. To, ka san ba za ta zauna ba. A tsaye ta koya. Ta rubuta a ƙasa a bakin ɗakin aladu, ta rubuta a garin acca kafin ta tuƙa, ta rubuta a kunyar citta da bakin fartanya. Duk inda ka taka a gidan nan sunan Baba ne, wani a karkace, wani rabi. Idan na kira ta a waya in tambayi ido, sai ta ce, "Bar zancen ido, yau baƙi na uku ya tsaya daidai." Ni kuwa tsoro nake ji, don na lura ta daina gane mutum sai ya yi magana.

Kirsimeti ya zo, gida ya cika. Yaya Leonard ya iso daga Kaduna da wani farin dutse mai sheƙi a bayan mota, an sassaƙa sunan Baba da Turanci, har da shekaru da aya. Kyau kam yana da kyau. Ya ce a tsakiyar kabarin za a kafa shi.

Na ce, "Yaya, Mama fa ta shekara tana shiri."

Ya ce, "Miriyam, mutane za su zo daga ko'ina. Kina so a ga rubutu kamar tonon kaza a kabarin Baba?"

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Mama ta riga ni. Ba ta ɗaga murya ba. "Leonard, dutsenka ka sa a wajen kai, ya yi kyau. Saman nawa ne." Ya juya ya shiga ɗaki.

Da safe Andrawus magini ya kwaɓa siminti ya shafe kabarin sumul. Fasto ya yi addu'a, matan zumunta suna tsaye da kayansu iri ɗaya, Baba Gilbert yana gefe ya rungume hannu. Andrawus ya taɓa simintin ya ce, "Mama, yanzu ne. In ya kama, shi ke nan." Ya miƙa mata tsinke.

Ta jefar da tsinken. Ta durƙusa, ta shafa gefen kabarin da hannu ta gane faɗinsa, ta kafa yatsa. Ba ta ma kallon wurin sosai. Ta danna har yatsan ya nutse zuwa gaɓa, ta ja a hankali. Andrawus ya ce, "Mama, ya yi zurfi, ruwa zai kwanta a ciki." Ba ta kula shi ba. Ina bin hannunta da baki. A baƙi na huɗu ta tsaya, na ga Baba Gilbert ya yunƙura zai yi magana ya fasa. Ta ja numfashi ta ƙarasa. Baƙaƙen manya ne, sun cinye kabarin daga wannan gefe zuwa wancan, na ƙarshen ya ɗan gangara. Amma ko yaron aji ɗaya ya zo zai karanta Yafet.

Sai ta zauna. A ƙasa, a gefen kabarin, ta miƙe ƙafa, siminti a yatsa. Ta ce, "To Yafet, ga ni na zauna." Yaya Leonard ne ya fara kuka, ba ni ba.

Idon dama bai kai damina ta gaba ba. Sai a lokacin na gane dalilin zurfin nan da Andrawus ya yi ƙorafi a kai. Kullum da safe tana bin bango da sanda har bayan gida, ta durƙusa, ta share ganye da ruwan da ya kwanta, ta sa yatsa a ramin baƙin farko ta bi shi har na ƙarshe tana faɗa a bayyane. Tana gamawa ta miƙe tana faɗa da mu cewa an bar aladu da yunwa.