Ludayin mai jan zare

Taubashiyata, ɗiyar kawuna, fura take saidawa a kasuwar Korgom. Ni ɗan mace ne, don haka tun muna yara ba ta kirana sai acici, ni kuma in ce furarta ruwa ce da aka nuna wa gero daga nesa. Ƙarya nake, duk kasuwar babu mai damu irin nata.

Ina tuƙin kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, tsakanin Kwatano da Agadas aka kira ni cewa ba ta lafiya. Abin ya faro da mantuwa, ta dama fura ta manta nono, ta riƙa kiran ɗiyanta da sunan juna. Daga nan sai faɗuwa, jiki ya yi ta karkarwa, kafin ta farfaɗo wata ta sake kama ta. An kai ta Tasawa a amalanke, aka wuce Maradi, maganin farfaɗiya ya kasa tsaida abin. Na ajiye kamyo na raka ta Yamai.

Can likita ya ɗebi ruwa daga gadon bayanta aka auna. Ya zaunar da ni ya ce jiki yana da sojojinsa cikin jini masu yaƙar cuta, nata ne suka ɓata hanya suka auka wa ƙwaƙwalwarta har ta kumbura. Shi ya sa faɗuwar ta ƙi tsayawa, sai an kwantar da sojojin tukuna. Na tambaye shi ko ana ɗauka ta yawu, kamar yadda muke faɗi a gida. Ya ce sam, ko farfaɗiyar da muka sani ma ba a ɗaukarta haka.

Aka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Ran da ta buɗe ido ta ce wane ne ya bar acici kusa da abincin marasa lafiya, na san ta dawo.

Gida ne abin ya fi wuya. Da muka koma na iske an ware mata kwano, an ɗaura wa ludayinta jan zare kada wani ya sha da shi bisa kuskure. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. A kasuwa kuwa mutane su gaishe ta da kyau, su wuce su sha furar wata. Ta ce mani za ta bar sana'ar, ta gaji da maida ƙwarya cike gida.

Na ce ba ta isa ba. Ni da na ci abin da ban san sunansa ba a tashoshin ƙasa da ƙasa, furar ɗiyar kawuna za ta gagare ni?

Ran kasuwa na shimfiɗa tabarma gabanta, inda kowa zai gani. Na ce ta dama, ta fara kurɓa da ludayin mai jan zare, sannan ta miƙo. Ta dube ni ta ce, "Kai dai ɗan mace, ba ka da mai kuka in ka mutu."

"Ke za ki yi, don babu mai yaba wannan ruwan sai ni."

Na sha, na lashe ludayin. Masu wucewa suka tsaya, na maimaita masu maganar likita, na ce rigima ce ta cikin gida, sojojinta da kanta, babu ruwan baƙo. Suka gyaɗa kai, ba wanda ya saya.

Na koma kasuwa ta gaba, da wadda ta biyo. Na daina karɓar lodin nesa. Mahauta suka fara leƙo ni suna jiran in faɗi, ni kuwa sai tumbi nake yi, har wandona ya soma ƙorafi. Ita kuma tana shan maganinta, muna komawa ganin likita in lokaci ya yi.

Wata rana bayan an gama yanke gero, surukarta, tsohuwar da ta ɗaura zaren da hannunta, ta zo ta tsaya kaina. Ta daɗe tana kallon cikina. Ta ce in matsa, na tare wa mutane wuri. Ta zauna, ta fizge ludayin daga hannuna, ta ciji zaren ta tofar.

"Dama mani, ɗiyata. Ki sa nono da yawa, kar ki yi mani irin ta wannan acicin."