Dangwalin Malam Shitu

Masu zuwa sayen nono gidan Malam Shitu, can bayan garin Gummi, sukan ga wata tsohuwar igiya miƙe tsakanin turaku biyu, su kauce mata su wuce. Ba su lura cewa maɗaurai ashirin da shida ne a jikinta ba, duk sun bushe sun yi fari, in ban da guda ɗaya na bakin gabas da ya yi baƙi saboda gugar wuya. Dangwali ke nan, inda ake jera 'yan maruƙa da safe kafin a tatsi iyayensu.

A wata ruga ta ƙasar Bukkuyum aka haifi Shitu. Yana yaro, da an kwashe amfanin gona manoma ke zuwa da goro suna roƙon mahaifinsa ya sauke shanu a gonakinsu. Su yi mako guda su bar taki, a sallame su da dammunan gero. Sannu a hankali gonaki suka yi ta cin burtali har ya koma kamar hanyar tururuwa, fadama ta zama ta shinkafa. Da zinari ya ɓulla wajen Sunke da Abare, samari suka jingine sanda suka ɗauki diga. Sannan ɓarayin daji suka zo. Rana guda, tsakanin azahar da la'asar, aka kore garken Shitu kakaf yana tsaye yana kallo.

Bai yi wata guda da komawa Gummi ba sai ga amininsa Dikko daga ƙasar Anka, ya yi kwana uku a ƙafa yana janye da karsana mai launin toka, wadda ake kira Fure. Haɓɓanaye ce ya kawo masa. Haka Fulani ke ɗaga wanda ya faɗi: ka riƙe saniyar ɗan'uwanka har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, uwar ta koma gidansu. Ba takarda, ba shaida. Dikko ya sha fura, ya ce, "In ka bar ta ta rame, kai zan ɗaure a madadinta," ya juya.

Ɗan farin Fure ciwo ya kashe shi. Na biyu aka sace a hanyar gulbi. Ta uku mace ce, ga ta an yaye. Dikko kuwa damina biyu ke nan da aka tare shi a hanyar kasuwa, bai koma gida ba, shanunsa ma suka bi na Shitu.

Dija, matar Shitu, tana burga nono ta ce, "Malam, wa ya san da zancen aron Fure in ba ni da kai ba? Mai ita ya riga mu gidan gaskiya. In ta tafi, mi za mu ci?"

"Ta haihu uku, Dija."

"Biyun suna ina? Ƙidaya mini su in gani."

Shitu ya san da nonon Fure ake sayen gishiri da tsaba a gidan, ya kuma san maraƙar sai ta shekara uku kafin a ga ɗigon nononta. Kwana biyu yana kai da komo. Rana ta uku ya ciro igiyar da Dikko ya kawo Fure da ita, ya sa mata a wuya. Burtali ba ya biyuwa yanzu, sai ya hau da ita motar masu kai dabbobi.

A Anka ya iske Amariya, matar marigayin, cikin ɗaki guda na aro da jikoki huɗu. Ta leƙo ta ga saniyar. Fure ta miƙa wuya tana sansanar zanenta.

"Jikar saniyarmu Wule ce wannan," in ji ta. "Ni na tatsi uwarta." Ta share ido da bakin mayafi. "Baffa, ina zan ɗaure ta? Ko ciyawar akuya babu a garin ga. Abokinka da yana nan, da ya ce ka koma da ita. Ni ba ni iya faɗin haka, ka ga yara. Gobe kasuwa. Ka taimake ni ka kai ta da kanka, ni cutata za su yi."

Shi ya kai ta. Ya yi fatan makiyayi ya taya, amma duk masu zagaya ta cinya suke latsawa, ba wanda ya duba hantsa. Mahauci ya saya. Shitu ya kwance igiyar, don ba a sayar da dabba da igiyarta, ya haɗa da abin da aka samu ya kai wa Amariya. Ta karɓi kuɗin, ta mayar masa da igiyar.

"Tufkar hannunsa ce. Riƙe."

Da hantsi ya iso gida washegari. Dija ta ajiye masa ruwa. Maraƙar tana bakin danga tana kuka wajen hanya. Ya jawo ta ya ɗaure a maɗaurin nan na gabas, ko da yake babu wadda za a tatsa. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya share ƙarƙashin dangwalin, tun daga wannan turke har wancan.