Ɗakin da Na Gano a Cikin Dutse

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin fasa dutse, akwai wata Talata da har gobe ba za ta fita raina ba. Lokacin ni ne shugaban masu nakiya a wani kamfani can bayan Unguwar Boro. Ku sababbin shiga kun san ƙa'ida: a huda dutse, shugaba ya zagaya ya tabbatar babu mutum ko dabba, ya sa hannu a takarda, sannan a fito da nakiya daga sito. In bai sa hannu ba, ko manaja ba ya buɗe siton nan.

Farkon damina ne, ruwa ya zaftare ƙasa ta gefen gabas. Ina zagayawa sai na ga wani faifan dutse a jingine, ya toshe wani baki kamar ƙyaure. Na san tsagar da Allah ya yi, na san wadda hannu ya yi. Na haska fitilar wayata ta wata kafa. Tukwane a jere! Ban san sa'ad da na ruga ba.

Oga Sunday, fomanmu, mutumin Binuwai, yana ta duban agogo, ga tifofi sun yi layi.

"Baba Dauda, ina takarda?"

"Oga, yau ba zan sa hannu ba. Akwai ɗaki a cikin dutsen nan."

"Haba Baba, ramin dila ne kawai!"

Da ƙyar ya biyo ni. Da ya leƙa, sai ya cire hular kwanonsa. Manaja dai bai ji daɗi ba. Ya ce ya ba ni kwana uku, in ba a sami komai ba, in nemi wani aikin.

Ranar Alhamis Dakta Ladi ta iso, malamar jami'a ce mai binciken kayan tarihi da muka aika wa labari. Ta hana kowa taɓa komai sai da aka ɗauki hoto, aka auna, aka ja igiya. Ni ta roƙa in kawar da faifan ba tare da ya fashe ba. Muka lallaɓa shi da dogayen ƙarafa, ta shiga da rarrafe, ta ce in biyo ta.

Kai! Ciki sanyi ƙalau, mutum na iya durƙusawa. An sassaƙa gurbi uku a bango, kowanne da ƙasusuwan mutum a naɗe, gwiwa a ƙirji, ga duwatsun wuya, ga wani ɗan gatarin dutse sumul.

Dakta ta shafa bango ta ce, "Abin da ya ɗaure mini kai, babu alamar ƙarfe ko ɗaya. Da me suka ci dutse mai tauri haka?"

Na shafa ni ma. Bangon ya ɓare falle-falle kamar ɓawon albasa, ga ja-ja a jikinsa.

Na ce, "Dakta, wuta ce. A hura ta a jikin dutse, a watsa ruwa, ya ɓare. Haka kakana yake yi a Filato."

Ta dube ni, ta ɗauki ɗan burushinta ta share ƙasar lungu. Sai ga gawayi! Ta yi ihu har na waje suka firgita. Ta ce da gawayin nan ne za a gane shekarun wurin. Nan take ta rubuta bayanina a littafinta, da sunana a gefe.

Kamfani ya koma fasa gefen yamma, aka kewaye gabas da waya. Manaja da kansa ya riƙa kawo baƙi kallo.

Ni abin da na koya shi ne, wannan sana'a tamu ta girmi injin da nakiya nesa ba kusa ba. Wasu sun yi ta kwana da kwanaki a gaban wuta, suna ɓare dutse kaɗan-kaɗan don su sama wa mamatansu makwanci. Abokan aikinmu ne. Saura ƙiris mu tarwatsa aikinsu cikin daƙiƙa ɗaya.