Sunan da kakana ya tafi soja da shi

Shekarar da babur ɗina ya lalace na bar kabu-kabu a Madawa, na koma garinmu kusa da Buza ban da abin yi. Lakwal, makarantar boko, na baro ta tun ban kai sizyam, ajin farko na sakandare, ba, amma ina iya karatu kaɗan-kaɗan. Shi ya sa kakata ta ɗora mini aikin ga.

Mijinta, kakana, ya yi sojan Faransi tun kafin a aure ta. Ya rasu ina ƙarami. Abin da ya bari kwat ce guda mai maɓallan ƙarfe, ba takarda, ba lambar yabo. Akwai wani tsohon soja a unguwarmu da ke rataya tashi lambar duk ranar biki, kuma jikokinshi sun daɗe suna cewa kakana ci-rani ya tafi, ya sayo kwat a gwanjo. Maganar ta kai kunnen tsohuwa.

"Maigida," ta ce mini, don haka take kirana tun ina goye, "tunda ƙafarka ba ta zama, tashi ka nemo mini lambar mutumen ga kafin idona ya ida rufewa."

Na ce, "Amarya, wa zai ba ni kuɗin mota?"

"Miji na tambayar mata? Ka ji lalacewa."

Na fara da Buza, anka tura ni Madawa, daga can anka ce sai Tawa, biron mazan jiya, wato ofishin tsoffin sojoji. Na hau motar albasa na tafi. Mai biron dattijo ne mai tabarau. Ya tambayi sunan kakana da na ubanshi da garinmu, ya ce manyan takardun suna Faransi, sai an aika an tambaya. Na yi ta zarya. Tsakani na yi dakon albasa, na yi tallan mai a kwalba, na bari. Bayan an cire gero amsa ta zo: babu soja mai wanga suna daga ƙasarmu.

Na komo na gaya mata. Ni har na fara yarda da zancen gwanjo, amma ban ce ba. Tana ɓarar wake, ba ta ɗago ba.

"Da wane suna ka nema?"

Na faɗi sunan kakana.

"Ba da shi ya tafi ba."

Sai ta ba ni labarin a gutsure. Lokacin da mutanen kwamandan Nasara sunka zo ɗaukar soja, kowane gida namiji guda, wan kakana anka rubuta. Shi kuwa matarshi na da ciki, kuma shi ke riƙe da gona. Ubansu ya ce ƙanen ya tafi. Ranar da anka jera su anka kira sunan wa, ƙane ya amsa, kuma da sunan ya yi sojanshi duka.

Wan ya rasu tun kafin a haifi babana, ban taɓa jin an ambace shi ba sai da "Babba". Na ce ta faɗa mini sunan. Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe zane a kasuwa. Matan zamaninsu ba su kama sunan miji, ba su kama na wan miji, wanga suna kuwa ya haɗa duka biyu.

"Ni ba ni faɗi."

"To a bar lambar kenan."

Ta jawo wuyan rigata, ta dungure mini ƙirji da yatsa. "Kai ke yawo da shi gari-gari. Kakanka ya raɗa maka shi da bakinshi. Ka taɓa jin na kira ka da shi?"

Ban taɓa ji ba. Na ɗauka wasan kaka da jika ne kawai.

Na koma Tawa na ba da sunana da na kakan babana. Wanga karon anka same shi, har da wuraren da anka kai shi da raunin da ya ji a cinya, kuma ya cancanci lamba. Sai dai mai biron ya ce dole matar ta zo da shaidu, ta tabbatar da bakinta cewa mai wanga suna shi ne mijinta.

Na ɗauke ta da maigari da liman. A mota ta yi amai kusa da Keta. A biro dattijon ya gyara tabarau ya ce, "Inna, mi ne sunan maigidanki?"

Ta kau da kai. Ya sake tambaya. Ta ɗora hannu bisa kaina ta ce, "Ga shi nan."

"Wanga yaron? Inna, kin yi sa'ar miji."

"Wace sa'a, ko babur bai iya riƙewa."

Liman ya yi dariya. Mai biron ya aje alƙalami ya ce tashi uwar ma haka take. Ya ce shi zai karanta, ita ta amsa kawai. Ya karanta sunan da ƙarfi, har na kusa cewa na'am. Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Shi ne," ta ce.

Takardar ta iso damina ta gaba, da hatimi, lambar kuma daga baya. Lokacin idon nata ya kusa tafiya. Ta shafa ƙarfen da yatsa, ta ce ya yi ƙanƙanta, ta sa na maƙala shi jikin kwat ɗin, na rataye a zaure inda mai wucewa zai gani. Sannan ta ce in karanta mata takardar, in juya da Hausa. Na fara daga sama, inda sunan yake.

"Wurin nan ka tsallake," ta ce. "Ci gaba daga inda anka harbe shi."