Mai Famfo da Kiran Ranar Lahadi

Wayar farko da Mai Famfo ya ƙaunata, a tankin ruwan wani gidan bene ta mutu. Ya sunkuya zai duba abin da ya hana ruwa tsayawa, sai ta zame daga aljihun rigarsa, tsulum. Lambobin mutanen da yake wa aiki da saƙonnin kwatancen gidajensu duk suka tafi. Da ya sayi wata, sai ya tsaya a kan mai gyaran waya har ya sa masa wata manhaja da ke kwafe kowane kira da kowane saƙo ta ajiye masa a imel. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya canja waya huɗu, amma ko kira ɗaya bai ɓace masa ba.

Da farko don gudun asara ne, daga baya abin ya zame masa jaraba. Mutum ne mai son bin diddigi, irin wanda in ya kwance famfo sai ya juya robar ciki a tafin hannu ya ga ta ina ta fara cinyewa. In ya dawo daga aiki, ya ajiye jakar sifanoni a bayan ƙofa, ya wanke hannu, sai ya zauna a kujerar roba ya hau bin tsofaffin kiraye-kiraye. A haka ya gano cewa mai gidan wanki duk wata biyar yake kira, makarantar bayan kasuwa kuwa sati biyu da dawowa daga hutu bututunta ke toshewa. Har yakan sayi kayan gyara ya ajiye tun ba a neme shi ba. Matarsa ta sa masa suna Magatakarda, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, don a ganinsa yabo ne.

Lambar da ta fi kowace yawa a ciki ba ta masu ba shi aiki ba ce, ta yayarsa ce. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi wurin koyon sana'a. Yanzu ta tsufa, tana zaune a wani gari mai nisan rabin yini a mota. Duk Lahadi sai ta kira shi. Shekara tara da ƙarfe goma na safe take kira, sai kwatsam shekara biyu da suka wuce lokacin ya koma huɗu da rabi na yamma. Ya lura da wannan sarai, har ya nuna wa matarsa, yana jin daɗin ya gano wani abu. Amma ita Yayar, bai taɓa tambayarta dalili ba.

To, sai ga Lahadi uku a jere babu kira.

Ta farko ya ce ƙila caji ne. Ta biyu ya ce ƙila baƙi ta yi. A ta uku ransa ya ɓaci, ya zauna da waya a cinya tun ƙarfe huɗu, abincinsa ya huce a gabansa.

"Yaya ta yi fushi da ni," ya ce wa matarsa, wadda ke ninke kayan wanki a kan tabarma. "Kuma sai na gano ranar da abin ya fara. Komai yana nan a rubuce."

"To Magatakarda, a buɗe fayil."

Ya sa manhajar ta ware masa lambar Yaya ita kaɗai. Ya bi saƙonni, babu wata baƙar magana. Ya bi tsawon kiraye-kiraye, na ƙarshe ma minti ashirin da biyu suka yi, har da dariya. Matarsa ta ajiye zanin da ke hannunta ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Wannan kore da ja ɗin na mene ne?"

Ya gyara zama, don babu abin da yake so kamar a tambaye shi. "Kore, an kira ni na ɗauka. Ja, an kira ban ɗauka ba. Shuɗi kuma ni na kira."

"Nuna mini shuɗin."

Ya ja allo da babban yatsa. Bana ta wuce, bara ta wuce, ya yi ta ja har yatsan ya gaji. Kira ɗari biyar da sittin da takwas, kore da ja zalla. Ko waɗanda ya rasa bai taɓa mayarwa ba, don ya san Lahadi mai zuwa za ta sake kira. Sana'arsa ce ta saba masa da haka: mai famfo ba ya kiran mutane ya tambayi lafiyar bututunsu, zama yake a neme shi. Mutumin da ya san watan da tankin mai wanki zai fara yoyo, shekara goma sha ɗaya yana kallon wannan jeri bai ga abin da matarsa ta gani a minti ɗaya ba. Kunya ta kama shi sosai. Matar ta koma kan ninkinta kawai, kuma hakan ya fi masa ciwo.

Ya danna lambar. Ringi ɗaya aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Yaya, ni ne."

Sai ya ji numfashinta ya sauya. "Auta? Wa ya rasu? Faɗa mini kawai, ina zaune."

"Babu wanda ya rasu, Yaya. Kowa lafiya. Na ji ki shiru ne."

Sai ta yi 'yar dariya. Ta ce idonta ne. Shekara biyu ke nan rubutun waya ya daina fito mata, ba ta iya nemo sunan kowa. Maƙwabciyarta ce, mai aiki a shagon magani, in ta taso ƙarfe huɗu take biyowa ta danna mata lambarsa. Yanzu kuma an yi wa mijin maƙwabciyar canjin wurin aiki, sun tashi.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kana da aikinka. Kuma ɗauka ai ina iyawa, da lalube ma na san wurin. Wayar na nan a cinyata duk Lahadi."

Ya tambaye ta ko ta ga likita, ta ce a'a. Ya ce jibi yana tafe, za su je tare, ta ce kada ya bar aikin mutane saboda ita, ya ce bututu ya jira. Sun yi minti arba'in da ɗaya.

Da ya kashe, manhajar ta ƙara layi ɗaya a saman jerin, shuɗi. Ya daɗe yana kallonsa. Matarsa ta ɗauki kwanon abincin za ta ɗumama, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Me ta fara cewa?"

Mai Famfo ya share fuska da tafin hannu. "Ta tambaye ni wa ya rasu."