Mama Afiniki da Jan Layin Zinariya

Kafin masu doya su gama sauke kaya a kasuwar Kafanchan, Mama Afiniki Asher ta riga ta buɗe ɗakin gwajin jini na ƙaramin asibitin unguwarmu. Da ruwa take fara aiki. Takan jiƙa yashin da ke tsakanin tukwane biyu, ƙarama a cikin babba, inda take ajiye 'yan sandunan gwaji don kada zafi ya lalata su, tunda wutar lantarkinmu baƙuwa ce, ta leƙo ta wuce. Sai ta yi addu'a, ta sa safar hannu, ta ce wa na farko ya kawo yatsa. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kowa ya san sandar nan: farar roba, a ɗiga jini, a jira jan layi. Na daɗe ina zaton fenti ne. Ranar da Mama Afiniki ta ce mini zinariya ce, dariya na yi mata. Ashe gaskiya ne! Zinariya ce da aka mayar ƙwayoyi mitsi-mitsi, waɗanda masana ke kira nano, dubunsu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba, kuma a wannan ƙanƙanta ja take komawa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da abin da ke cafke alamar cuta a jini, sai su taru su yi layi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ni da ban taɓa mallakar ɗan kunnen zinariya ba, ashe da ita ake duba mini zazzaɓi.

A ikilisiyarmu ba a ɗaura aure sai ango da amarya sun yi gwajin jini. Da bikinta ya matso, Yemima, 'yar ƙanwata daga Fadan Kaje, ta ce bari ta fara dubawa a ɓoye a wani shagon magani. Mai shagon ya ɗiga jini, ya tafi cin abinci, ya dawo a makare ya ga wani layi dishi-dishi a gwajin ƙanjamau. Bakinsa kuma bai da ƙofa. Kafin yamma magana ta kai gidan su Silvanus, angon, uwarsa ta aiko a dakatar da biki. Yemima ta daina cin abinci, ta daina fita.

Ni na ja ta zuwa wurin Mama Afiniki. Ta saurara, sannan ta tambayi inda mutumin ke ajiye sandunansa. Yemima ta ce a taga, inda rana ke duka.

"Yarinya na, share hawaye," in ji ta. "Abin nan ba ya son zafi, kuma in taim ya wuce yana iya nuna inuwa. Amma ba zan ce maki babu ba sai na gani. Ko akwai ma, akwai magani."

Ta ɗauko sanda daga tukunya, ta ajiye agogo a gabanta, ba ta ɗaga ido ba har lokaci ya cika. Layi ɗaya ya fito, mai nuna gwajin ya yi aiki. Na biyu bai fito ba. Ta sake da wata irin sandar daban, haka dai. Na fashe da kuka kamar ni ce amaryar.

Mama Afiniki ba ta tsaya nan ba. Da izinin Yemima, ta hau acaɓa bayan tashi aiki har gidan uwar ango.

"To Mama, wanne ne gaskiya, na shago ko naki?" in ji matar.

"Ki zo gobe da yaronki a yi a gabanki. Ke ma ki kawo yatsa."

Ta zo kuwa, ta kawo yatsan. Aka sake gwajin a gabanta, ba a daɗe ba aka ɗaura auren.

Mama Afiniki, ke ce idon likita, ke ce rumbun asirin garin nan. Abin da kika gani a jinin mutane bai taɓa ƙetare ƙofarki ba. Mun gode, Ubangiji ya sāka miki. Ku masu tasowa a aikin nan, ku koya daga gare ta: ku ɓoye sanda daga rana, ku tsaya a kanta, ku kama bakinku.

Yemima ta haihu a daminar nan. Surukar da ta aiko a dakatar da biki ita ce ta miƙe a majami'a ta faɗi sunan jaririyar: Afiniki.