Ƙahon Baba a Shagon Kunne Ɗaya

Babanmu direban bas ne tun kafin a haife ni, kuma ko a cikin direbobi an san shi da son danna hon. Da ya ajiye aiki, hannunsa ya rasa abin dannawa, sai ya shigo mana gida da ƙahon busa na ƙarfe, irin na 'yan badujala, mai maɓallai uku. Wayyo Allah! Ban taɓa jin abu mai muni kamar busar Baba ba. In ya kumbura kumatu ya saki, sai ka rantse akuya ce ƙofa ta datse wa wuya. Kyanwarmu ta yi ƙaura. Maƙwabcinmu ya koma gaishe mu da ka kawai. Shi kuwa Baba laifin ƙahon yake gani, wai tsoho ne, iska na zurarewa.

Wata rana ƙaho ya yi ɓatan dabo. Baba ya birkita gidan, har cikin tukwane ya leƙa. Mama tana yanka albasa ta ce, "Ɓarayin yanzu ba abin da suka bari." Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Shagon ɗinkina yana kallon wani shagon tsofaffin kayan kiɗa. Mai shi dattijo ne da ake kira Kunne Ɗaya, don na hagun ya daɗe da mutuwa. Wuri ne da in ka shiga sai ka manta abin da ya fito da kai. Ga jita a rataye, wata ba tsirkiya, wata an ɗaure mata wuya da waya. Ga ganguna ɗaya kan ɗaya har rufi, ga wani fiyano da rabin haƙoransa suka zube, amma kowa ya wuce sai ya danna. Ko'ina warin tsohon katako da man goge ƙarfe. Dokar Kunne Ɗaya guda ce: taɓa abin da ka ga dama, ba mai ce maka ka saya.

Nan Baba ya tare. Ya kaɗa wannan, ya busa wancan, har ya hango shi a bayan fiyano: ƙahonsa, da lotsawar da ya yi ranar da ya faɗo daga kan firij. Ya tsallako titi yana haki.

"Ke 'yar nan, na gan shi!"

"To ka karɓo abinka mana, Baba."

Ya rage murya. "In kai gida a sake sacewa? Na san ɓarauniyar, ita ke dafa mini abinci. Can kuwa ba mai cewa in yi shiru."

Fargabarsa ɗaya ce, kada wani ya saye. Sai ya ɓullo da dabara. Duk wanda ya ɗaga ƙahon, Baba zai taso da fara'a ya ce, "Kawo in gwada maka, ɗana." Busa ɗaya, mutum ya ja da baya ya koma wajen sarewa. Da yamma Baba ya leƙo shagona yana ƙyalƙyala dariya, wai da gangan ya ɓata busar. Ni da nake jin sa daga kan keken ɗinki, wallahi ban ji bambanci ko kaɗan ba. Masu kawo ɗinki su tambaye ni lafiya kuwa a shagon can, in sunkuyar da kai in ƙara taka keke.

Ana nan sai ga wani dogon mutum, ya shiga ya nufi ƙahon kai tsaye. Baba ya yi masa irin wadda ya saba. Mutumin bai gudu ba. Ya ce, "Ba ni nan, Baba," ya goge bakin ƙahon da hankici, ya ɗora a leɓe.

Ban san lokacin da na tsallaka titi da tef a wuya ba. Sauti ne mai sanyi, tsigar jikina har tashi ta yi. Mai faci na gefen titi ya saki taya ya zo ya tsaya a ƙofa. Baba ya zauna daɓas a kan wata ganga.

"Ashe ƙahon lafiyarsa ƙalau," ya faɗa a hankali.

Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin baƙon da bai yi mini komai ba.

Mutumin ya ce zai saya. Idanun Baba suka kaɗa suka yi ja. Kunne Ɗaya ya juyo da kunnen da ke aiki.

"Me ka ce?"

"Na ce zan saya!"

"Ba na sayarwa ba ne, ajiya ce. Matar wannan bawan Allah ta kawo. Ta ce in bar shi ya busa har ya gaji, amma ranar da na sayar, kunnen da ya rage za ta zo ta cire."

Baba ya miƙe tsaye. "Kai! Ka sani, ka zuba mini ido ina korar mutane?"

"In hana ka don me? Duk wanda ya ji busarka, komai ya taɓa bayan nan daɗi yake masa. Ban taɓa ciniki irin na bana ba."

Na rufe shago na bi shi gida, don ban san abin da zai yi ba. Muka tarar da Mama tana ninke wanki. Baba ya tsaya a kanta yana murza hularsa kamar wanda ya zo neman aiki.

"Yau an kusa sayen wani ƙaho a shagon can," ya ce.

Hannunta ya tsaya cak a kan riga. "An saya?"

"A'a."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ci gaba da ninki.

"To madalla. Wanke hannu ka ci abinci. Kuma in na gan shi a gidan nan, ɓarayi za su dawo."